Karen hutu, amanar da ba ta da shaidu

Masu iya magana sun ce ba a kiwon kare ranar farauta. Da za su dubi garin Diffa a watan Yuli, da sun ƙara da cewa ba a yar da shi ranar da farauta ta ƙare. A wannan lokaci ne ake rufe lakwal, malamai da sauran ma'aikatan gwamnati da aka turo daga Yamai, Maraɗi ko Damagaram su ɗaure kaya su nufi gida. Tafiyar kuwa ba ƙarama ba ce, domin tsakanin Diffa da Yamai akwai fiye da kilomita 1300, kuma da wuya a samu direban motar haya da zai yarda a shigar masa da kare tsakanin fasinjoji. Saboda haka karen da ya shekara yana gadin gida sai a miƙa shi ga maƙwabci ko mai gadi, a ce ya riƙe kafin a dawo. Ba a yanke wa'adi ba, ba a bar kuɗin abinci ba, ba a kira shaida ba.

Akwai kuma karen hutu iri na biyu. Yara sun samu sarari, sai su tsinto ɗan kwikwiyo a bayan gari ko a garakan tattasai na bakin Komadugu, su ɗaura masa igiya, su yi ta yawo da shi, suna ɗiba masa tuwo a ɓoye. Da watan Oktoba ya kama, an koma aji, kwikwiyon ya girma, cinsa ya ƙaru, uwar gida ta gaji da ɓarnarsa, sai a kora shi waje. Wata uku ya yi yana koyon cewa hannun mutum abinci yake miƙowa. A na huɗu sai ya tarar hannun nan dutse yake jifa.

Wannan matsala ba ta Diffa kaɗai ba ce. A Faransa, inda ƙungiyar kare hakkin dabbobi ta SPA take aiki tun 1845, lokacin babban hutu shi ne lokacin da gidajen ajiye dabbobin da aka yasar suke cika maƙil. Har ta kai majalisar ƙasar ta yi doka ranar 30 ga Nuwamba 2021, wadda ta wajabta wa mai son ɗaukar kare ko kyanwa ya sa hannu a takardar alkawari, ya kuma jira kwana 7 kafin a miƙa masa dabbar, don zumuɗi ya huce, hankali ya dawo. A Amurka da Ingila kuwa gidajen ajiye karnuka sun ɓullo da wata dabara: a ba iyali aron kare na ƴan kwanaki lokacin bukukuwa, bayan biki su maishe shi. A nan ra'ayi ya rabu. Wasu suka ce jinƙai ne, wasu suka ce zalunci ne a ɗanɗana wa dabba daɗin gida sannan a mayar da ita keji.

Masana sun auna maganar. A 2019 Lisa Gunter ta jami'ar jihar Arizona da abokan aikinta suka wallafa binciken da suka yi a gidajen ajiye karnuka 5 na Amurka. Sun gwada fitsarin karnukan da aka bayar aro na dare ɗaya ko biyu, suna neman sinadarin kotizol, wanda yake ƙaruwa a jiki idan dabba tana cikin damuwa. Suka tarar sinadarin yana raguwa muddin kare yana gidan mutane, barcinsa ma yana ƙara tsawo. Da aka maishe shi, awon ya koma inda yake a da, bai wuce ba. Wato aron bai warkar ba, amma bai cutar ba: hutu ne, kamar na ma'aikaci.

To, amma kada mai karatu ya yi saurin ɗaukar wannan sakamako ya kawo shi bakin Komadugu. Karen Amurka da aka bayar aro an yi masa lamba, an rubuta sunansa a littafi, an san wanda ya karɓe shi da ranar da zai dawo, kuma idan ya dawo akwai kwano da inuwa suna jiransa. Abin da ya sa aron bai cutar da shi ba ke nan: yana da wurin komawa. Karen Diffa idan mai riƙonsa ya gaji, ko maigidansa ya samu canjin wurin aiki yana can hutu bai sake waiwayowa ba, makomarsa juji ce da bayan mahauta. Bambancin ba a jinin karen yake ba, a ƙa'idar aron yake.

Abin mamaki shi ne, mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne wajen ƙa'idar aron dabba. Fulani makiyaya, musamman Woɗaaɓe, suna da al'adar haɓɓanaye: mai shanu ya ba ɗan'uwansa da ya rasa dukiya aron saniya, ya sha nononta, ta haifa masa ƴan maruƙa su zama nasa, sannan ya mayar da uwar ga mai ita. Kowa ya san farkon amanar da ƙarshenta, kuma wanda ya wulaƙanta saniyar haɓɓanaye ya zubar da mutuncinsa a idon dangi. Haka ɗan kasuwan da ya ba da kiwon rago kafin layya yakan aika da dussa, ya riƙa leƙawa yana shafa gadon bayansa. Rago yana da farashi, shi ya sa yake da masu tambaya. Kare ba a kai shi kasuwa, shi ya sa amanarsa ba ta da shaidu.

Sai dai farashin yana nan, a asibiti ake biyansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan dubu 59 kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya. Kusan duka daga kare suke ɗaukarsa, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Karen da aka yasar ya fi karen daji haɗari ta fuska ɗaya: ba ya gudun mutane. Da dare yana faɗa da karnukan juji, da safe yana kwance a ƙofar gidan da yara suke wasa. Jahar Diffa kuwa ta ga ƙaura iri-iri: kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi a watan Mayu 2015, gudun mutanen Bosso bayan harin 3 ga Yuni 2016, da ambaliyar Komadugu ta Oktoba 2019. Wanda ya fita da ransa da ƴaƴansa ba za a zarge shi don bai tsaya neman kare ba. Amma wanda ya tafi hutu da albashinsa a aljihu ba shi da wannan uzuri.

Maganin ba guba ba ce. Kashe karnukan titi bai taɓa kawar da ciwon ba, domin gurbin da aka buɗe wasu ne suke cika shi. Maƙwabta sun nuna hanya: a N'Jamena, a 2012 da 2013, an yi kamfe na yi wa karnuka lamba, aka kai sama da kashi 70 cikin 100, sai yaɗuwar ciwon ta katse na tsawon lokaci. Ranar 28 ga Satumba, ranar da Louis Pasteur ya rasu a 1895, ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, kuma tana faɗowa daidai ƙarshen hutu. Da ma'aikatar magajin gari da ta kiwo za su haɗa hannu su mai da ita ranar lamba a unguwanni, da an rage wa likitoci aiki. Wanda kare ya ciza kuwa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada ya jira ya ga abin da zai faru.

Addini ma bai bar maganar ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha. An halatta riƙon kare don gadin dabbobi, gona da farauta. Wanda ya riƙe kuwa, hakkin ci da sha ya hau kansa.

Saboda haka mai tafiya hutu ya yi wa karensa abin da zai yi wa ragonsa. Ya kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa lamba kafin tafiya, ya bar takardar a hannun mai riƙo. Ya faɗi ranar dawowa, ya bar hatsi ko kuɗinsa, a gaban mutum na uku. In da hali, mai riƙon ya riƙa zuwa gidan da karen ya saba, ya fi a ja shi baƙon wuri a ɗaure a rana. Uba kuma, ranar da yaro ya shigo da kwikwiyo, ya tambayi kansa ko zai iya ciyar da shi shekara 10; in ba zai iya ba, a mayar wa uwarsa tun bai manta nono ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara, amma amana ko ta kare ce akwai ranar tambayarta. Allah ya sa a gane.