Shekara 40 kofi bai bar Yamai ba, mu kuma muna nan muna yi wa Bayern dariya

Ƴan uwa matasa, babu fadar da za ka zauna a Damagaram, daga Birni zuwa Zango, daga Garin Malam zuwa Sabon Gari, ka sha shayi zagaye uku ba a tayar da gardamar ƙwallo ba. Kuma akwai wata magana da kowa ya haddace: wai gasar Jamus ba gasa ba ce, tunda Bayern Munich ta ɗauki kofi sau 11 a jere daga 2013 zuwa 2023, wai gasar Faransa gonar PSG ce, wai Juventus ta kashe Italiya da kofi 9 a jere. Har Ingila da ake taƙama da ita, Manchester City ta yi 4 a jere daga 2021 zuwa 2024. Daga nan sai a yanke hukunci: in manya biyu ko uku suka mamaye gasa, kallo ya zama ɓata lokaci.

To madalla, mun iya hukunci. Yanzu a amsa mani wannan: yaushe rabon da wata ƙungiya da ba ta Yamai ba ta ɗauki kofin gasar Nijar?

1984. Espoir FC ta nan Damagaram ce ta ɗauka. Shekara ɗaya kafin ta, 1983, Jangorzo ta Maraɗi. Daga 1985 har zuwa 2025, duk shekarar da aka buga gasar aka kammala ta, kofin a Yamai ya kwana. Yawancin masu karanta wannan rubutu ba a haife su ba lokacin da Espoir ta yi wannan abu, wasu ma iyayensu ba su yi aure ba. Jamus da muke yi wa dariya, Leverkusen ta ƙwace kofi a 2024 ba tare da an ci ta ko sau ɗaya ba. Faransa ta ga Montpellier a 2012, Monaco a 2017, Lille a 2021. Ingila ta ga Leicester a 2016. Mu fa? Laifi tudu ne, mun take namu muna hango na wasu.

Ku duba jerin zakarun daga 2013: AS Douanes, AS GNN, AS Douanes, AS FAN, AS FAN, AS SONIDEP, AS SONIDEP, sai 2020 da korona ta tsayar da wasa, sannan USGN a 2021, Nigelec a 2022, AS GNN a 2023 da 2024. Wato duwan, gardi, soja, kamfanin mai na ƙasa, jandarma, kamfanin wuta. In ka koma baya kaɗan za ka tarar da AS Police a 2008. Wani zai ce: ai ga shi sunaye suna canjawa, ina mamayar take? Nan ne wayon yake. Sunaye suna canjawa, amma gari ɗaya ne, aljihu ɗaya ne, kuma aljihun nan baitulmalin ƙasa ne. Kofi yana fita daga wannan bariki ya shiga wancan ofis, kamar yadda ake yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki. Ko tsofaffin ƙungiyoyin unguwa na Yamai ɗin kanta, Sahel SC da Olympic FC, waɗanda suka fi kowa yawan kofuna a tarihin gasar, an ture su gefe: Sahel rabonta da kofin gasa tun 2009, Olympic tun 2012.

Matsayina a kan gardamar nan shi ne: ƙarfin babba kaɗai ba ya kashe gasa. Abin da ke kashe ta abu biyu ne. Na farko, in ƙarami ya san tun kafin a busa usur cewa ƙofa a kulle take. Na biyu, in babban ba shi da jama'a a bayansa, babu mai son shi har zuciya, babu mai ƙin shi har zuciya. Gasarmu ta haɗa cutar biyu a jiki ɗaya.

Mu fara da ta biyun. Bayern tana da magoya baya da suka gaji ƙungiyar daga kakanni, kuma dokar Jamus ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobi a kusan dukkan ƙungiyoyi. Ranar da Bayern ta je Dortmund, mutum sama da 80,000 ne ke cika fili don su ga an kayar da ita. A Scotland, daga 1986 zuwa 2025 babu wanda ya ɗauki kofi sai Celtic ko Rangers, amma filayensu a cike suke, saboda kowace ƙungiya tana ɗauke da unguwa, da tarihi, da wata gaba ta gado. Mamaya ce, amma mamaya mai jini a jika. To, a gaya mani, wane yaro ne a Kara-Kara zai tashi ya ce shi ɗan duwan ne har mutuwa? Wa zai yi kuka don kamfanin wuta ya faɗi wasa, alhali jiya ya kwana cikin zafi babu kuran? Ba raini ba ne ga ƴan wasan, yaranmu ne, suna neman abinci da ƙafarsu, wasunsu ma daga nan suka tafi. Amma ma'aikata ba ta haifar da soyayya irin wadda gari ke haifarwa.

Wanda ke shakka ya dubi kokowa. Tun 1975 ake gasar takobi a ƙasar nan, jihohi na karɓar baƙunci bi da bi, kowace jiha na zuwa da ƴan kokowarta. Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobi ya sake ɗauka, ya sake, har wasu suka ce babu mai iya kai shi ƙasa. Wa ya daina kallo? Kasuwa tsayawa take, ɗan kabu-kabu ya kafe babur ya manna rediyo a kunne, tsofaffi mata da ba su san dokar wasan ba su yi ta addu'a. Dalili a fili yake: kowane ɗan kokowa yana ɗauke da sunan jiharsa, ƙasar da ake zubawa a fili iri ɗaya ce ga kowa, kuma kowa ya san ƙafa ɗaya in ta goce, sarki ya faɗi. Mu nan Damagaram mun ga Langa-Langa, wanda filin kokowarmu ke ɗauke da sunansa, mun ga Balla Harouna. Mun san ɗanɗanon a ce takobi ya zo gida. Zakara mai ƙarfi yana ƙara wa wasa armashi in har ana iya kayar da shi. Kokowa ta fahimci wannan tun shekara 50 da suka wuce, ƙwallo ta ƙi koyo.

Sai kuma kullen ƙofa, wanda lissafi ne kawai. Daga Damagaram zuwa Yamai kilomita kusan 900 ne a kan hanyar RN1. Mafi yawan ƙungiyoyin rukunin farko a Yamai suke. Ma'ana, ƙungiyar Yamai tana buga yawancin wasanninta na "waje" ba tare da ta bar garin ba: ɗan wasa ya kwana a ɗakinsa, ya ci tuwon gidansu, ya hau babur ya je fili. Ƙungiyar Damagaram, ko Akokana da Urana na Arlit, ko Ɗan Kasawa ta Maraɗi, sai ta ɗauki mutum ashirin da ƴan kai, ta biya mota, ta biya masauki, ta biya abinci, yara su sauka da kumburarrun ƙafafu bayan wuni guda a zaune, su shiga fili da waɗanda suka huta. A sake haka sau da sau cikin kaka ɗaya. Wancan ɓangare yana da motar ma'aikata, da man ma'aikata, da albashi a ƙarshen wata. Wannan ɓangare yana da Alhaji ɗaya mai son ƙwallo, wanda in kasuwa ta juya masa baya, ƙungiya ta mutu. In yaro ya haska a Espoir ko Alkali Nassara, kaka ɗaya ce, an ɗauke shi. Kuma wa zai ga laifinsa? Mai neman aure ba ya ƙin albashi. Haka muke renon ɗan maraƙi, wasu su sha nono.

Ga abin da ya fi ci mani rai. A ƙidayar 2012, jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha yawan jama'a, sama da mutum miliyan 3 da rabi, Maraɗi na bi mata, Yamai kuwa miliyan ɗaya da ƴan kai. Harajin da ke riƙe da ƙungiyoyin ma'aikatu, har da na mai sayar da goro a kasuwar Dole a ciki. Matatar SORAZ tun 2011 take tace mai a ƙasar Damagaram, ganga 20,000 a rana aka gina ta ta tace. SONIDEP ce ke ɗaukar man ta sayar, ƙungiyarta ta ɗaga kofi a 2018 da 2019, a Yamai. Mu muna ganin tankoki suna wucewa. Garin da ya kasance babban birnin ƙasar nan har 1926, garin Sarki Tanimun da ya gina ganuwa ya ƙera igwa, yau ba ya iya riƙe ɗan wasa mai shekara 19 kaka biyu a jere.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Za a ce in ba don ƙungiyoyin ma'aikatu ba, da babu ɗan ƙwallon da zai ga albashi a Nijar. Gaskiya ne. Za a ce AS FAN ta kai matakin rukuni a kofin Confederation na Afirka a 2010, USGN ta kai a kakar 2021 zuwa 2022, kuma ƴan wasan gida sun kai Mena wasan kusa da na ƙarshe a CHAN da aka buga a Aljeriya farkon 2023. Shi ma gaskiya ne, kuma mun yi murna. Ba wanda ya ce a rushe su. Amma a duba maƙwabta. A Najeriya ma yawancin manyan ƙungiyoyi kuɗin gwamnati suke ci, sai dai kuɗin a warwatse yake a jihohi, kuma ƙungiya sunan gari take ɗauka. Shi ya sa kofi ke yawo: Kano Pillars a 2012, 2013 da 2014, Rangers ta Enugu a 2016, Plateau United ta Jos a 2017, Akwa United a 2021, Rivers United a 2022, Enyimba ta Aba a 2023, Remo Stars a 2025. Kano na nan kudu da mu, tafiyar rabin wuni. Duk wanda ya taɓa jin filin Sani Abacha ya ɗauki "Sai Masu Gida" ya san bambancin ƙungiyar gari da ƙungiyar ofis. Gasarsu cike take da nata matsaloli, amma ba wanda ke iya rubuta sunan garin zakara tun kafin a fara. Kuɗin gwamnati a ƙwallo ba haram ba ne. Tara shi a gari ɗaya ne zalunci.

Wani kuma zai ce: ƙasa na fama da tsaro da tsadar rayuwa, kai kana maganar tamola? E, ina yi. Garin nan ya san abin da zaman banza ke haifarwa. Labarin ƴan pale har ƙasashen waje ya kai. Kowace unguwa tana da yaran da ke buga ƙwallo ba takalmi har magariba. In tsani daga filin unguwa zuwa babbar gasa ya karye, saura me? Saura gidan kallo, saura caca a waya, saura hanyar Agadas. Kuma yadda ake raba ƙwallo haka ake raba sauran abubuwa: duk mai son gani da ido yadda komai ke tattaruwa a babban birni, ya karanta jerin zakarun gasar nan.

Abin da muke nema ba ya wuce ƙarfin kowa.

Daga FENIFOOT: asusun tafiye-tafiye da zai biya mota da masauki gwargwadon kilomita, don kada nisa ya zama hukunci. A Ingila, inda jari-hujja ta yi kaka-gida, rabin kuɗin talabijin na cikin gida daidai-wa-daida ake raba shi tsakanin ƙungiyoyi 20, saboda sun gane babba ba ya sayuwa in ƙarami ya mutu. FIFA ta ware wa kowace hukumar ƙasa har dala miliyan 8 a zangon 2023 zuwa 2026, kuma Djibrilla Hima Hamidou ya shiga majalisar FIFA a 2025. A buga mana a fili nawa ya isa kowace jiha, shekara bayan shekara. Sannan a tilasta biyan diyyar reno: wanda ya ɗauke yaro, ya biya ƙungiyar da ta raine shi.

Daga kamfanonin ƙasa: duk wanda ke riƙe da ƙungiya a Yamai, ya ɗauki nauyin wata a jiha. SORAZ ta sa sunanta a ƙirjin rigar ƙungiyar Damagaram da yarjejeniya a rubuce ta shekaru, ba kyautar buhun ƙwallo ranar biki ba. Majalisar birni da ta jiha su sa layin ƙwallo a kasafi, a karanta shi kowa ya ji.

Daga mu kuwa, nan ne wuyar take. Matashin da ke biyan kuɗin Canal+ kowane wata, ya sayi rigar Real Madrid, ya san albashin Mbappé, amma bai san sunan mai tsaron gidan ƙungiyar garinsu ba, ba shi da bakin cewa gasar wasu ta gundure shi. Ƙungiyoyinmu su buɗe katin mamba, ko jika ɗaya a wata, su riƙa karanta lissafi gaban jama'a, don a daina dogara ga aljihun mutum ɗaya. Fada ɗari, kowace da mutum goma, jika dubu kenan a wata, kuma fadodin garin nan sun fi ɗari nesa ba kusa ba. Ranar wasa a ɗauki butar shayin a tafi fili. Fili cike shi ne hujjar da ba mai iya musawa a gaban kamfani ko hukuma.

Wanda ya ga ba haka ba ne, ga wurin sharhi nan ƙasa, ya kawo hujja da shekara da suna. Wanda kuma mahaifinsa ko kawunsa ya ga Espoir ta 1984 da idonsa, ya je ya tambaye shi yadda garin ya kwana ranar, ya rubuto mana. Muna so a ajiye wannan tarihi tun masu shi suna raye.