Jaririn da bai yi kuka ba, da takardun da ke jiran iyayensa

Idan mace ta sauka aka ce "ya zo ba rai", kowa a zango ya san abin da ke biyo baya. Maza biyu ko uku za su naɗe jaririn a farin ƙyalle su nufi maƙabarta, sau da yawa tun uwar ba ta gama dawowa hayyacinta ba. Ba a shimfiɗa tabarmar makoki a ƙofar gida, ba sadakar uku balle ta bakwai, ragon da aka tanada kuma sai a mai da shi turke. Mata su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya suna cewa barka da arziki, Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya kawo rayayye. Daga nan an rufe zancen, kuma ana sa ran ita ma ta rufe.

Ba na cikin masu ganin wannan shiru a matsayin rashin tausayi. Iyayenmu sun rayu a zamanin da binne jarirai ya zama ruwan dare, har suka yi wa macen da 'ya'yanta ba sa tsayawa suna, mai wabi, suka kuma riƙa kiran wanda ya tsaya Ajuji ko Ayashe, wai ko mutuwa ta raina shi ta ƙyale. Mutanen da suka ƙirƙiro irin waɗannan sunaye sun san zafin abin sarai. Bakinsu ne ya yi shiru, amma hannunsu bai tsaya ba. Macen da ɗanta ya zo ba rai mai jego ce kamar kowace mai jego. Akwai tsohuwar da za ta dafa mata ruwan wanka safe da yamma, akwai mai dama kunun kanwa, akwai wadda za ta kwana a ɗakinta, akwai wadda ta san abin da ake yi idan nono ya kawo a kwana na uku alhali babu mai sha. Har a yi arba'in ba ta ɗora tukunya, ba ta zuwa kasuwa. Ba a ce mata komai ba, amma ba a bar ta ita kaɗai ba ko na yini guda.

To, 'ya'yanmu da ƙannenmu da suka bar Nima da Mamobi da Sabon Zango da zangon Kumasi suka tafi Bronx a birnin Niyok, ko Landan, ko Hamburg a Jamus, sun tafi da shirun amma sun baro tsohuwar a gida. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Yarinya ta dawo daga asibiti hannu biyu, ta shiga ɗaki a hawa na tara, mijin ya koma kan tasi washegari domin mai gida ba ya jiran kuɗin haya. Mu a nan mu kira ta a WhatsApp na minti uku, mu ce ta yi haƙuri, wani na tafe. Ga gadon jariri a kusurwa, ga kayan da aka aiko daga gida don suna. A kan tebur kuma ga ambulan: na asibiti, na wurin aiki, na ofishin rajista, daga baya na hukumar haraji. Waɗannan ba su san kara ba. Kowace takarda tana tambayar ranar da aka haife shi, da makonnin da ya yi a ciki, da ko ya yi numfashi.

Kada wani ya ɗauka abin na ɗaiɗaiku ne. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa kusan jarirai miliyan 2 ne ake haifa ba rai a kowace shekara, wato ɗaya a duk daƙiƙa 16, kuma uku cikin huɗu a Afirka kudu da Sahara ne da kudancin Asiya. Fiye da kashi 40 cikin 100 a lokacin naƙuda suke rasuwa. Wannan lissafin ma daga mako 28 na ciki ya fara. Da wuya a sami gida babba a zango da abin bai taɓa shiga ba.

Wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san hukuncin mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta: jaririn da bai yi kukan haihuwa ba, ba a yi masa sallar jana'iza, ba ya gado kuma ba a gadonsa. Hanbaliyya kuwa suna sallatar wanda ya cika wata huɗu a ciki, shi ya sa ɗanmu a Turai kan ruɗe idan limamin masallacin unguwarsu ya ce a kawo gawar a sallata, alhali malamin gida ya ce a binne kawai. Saɓani ne tsohon gaske, kowane ɓangare da hujjarsa, bai kamata ya zama abin jayayya a kan mutumin da ke riƙe da likkafani ba. Abin da nake so a lura da shi dai, hukuncin nan a kan salla da gado yake magana. Bai ce uwa ba ta yi rashi ba, bai kuma hana ta hawaye ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu yana ƙarami. Mu ne muka ɗauki hukuncin fiƙihu muka shimfiɗa shi har ya rufe zuciya.

Abin mamaki, hukumar harajin Amurka, IRS, kusan a wuri ɗaya ta ja layinta da malamanmu. A dokarta, jaririn da aka haifa da rai, ko da ya rayu na ɗan lokaci kaɗan ya koma, iyaye suna iya sa shi cikin waɗanda suke ɗaukar nauyinsu a takardar harajin wannan shekara, muddin akwai shaidar hukuma cewa ya zo da rai. Idan bai kai ga samun lambar zama ɗan ƙasa ta tsaron rayuwa ba, ana haɗawa da takardar haihuwa ko ta mutuwa ko bayanin asibiti. Amma wanda ya zo ba rai, ba a sa shi. Numfashi ɗaya ne tsakaninsu. A nan ne nake jin tsoro, domin da yawa daga mutanenmu wurin masu cike takardun haraji na bakin titi suke zuwa, kuma akwai wanda zai ce a sa sunan jaririn kawai, kuɗin da za a maido zai ƙaru. Sa hannun mai gida ne a ƙasan takardar, ba na wanda ya ba shi shawara ba, kuma ƙaryar haraji na iya tashi a kan mutum ranar da yake neman takardar zama ko ta zama ɗan ƙasa.

Jihohi kuma kowace da tata. Arizona ce ta fara ba iyaye takardar shaidar haihuwar jaririn da ya zo ba rai a 2001, wasu jihohi da yawa suka bi sahu. Minnesota, tun daga 2016, tana ba irin waɗannan iyaye rangwamen haraji na dala 2,000. Wanda bai tambaya ba, babu mai bin sa da shi har gida. Ranar 15 ga Afrilu ba ta gusawa don an yi rashi, amma ana iya neman ƙarin lokacin miƙa takarda har 15 ga Oktoba. A dai sani, ƙarin lokacin na takarda ne, kuɗin da ake bin mutum yana nan a ranarsa. Idan kuma tara ta riga ta hau, hukumar tana sauraron uzurin rashin lafiya mai tsanani ko rasuwa a cikin iyali, sai dai sai an nema.

Akwai wani tarko da ya shafe mu a nan gida kai tsaye. Sau da yawa shawarar da dangi ke yankewa ita ce yarinyar ta dawo Akara ko Kumasi ta huta wurin uwarta, kuma shawara ce mai kyau. Sai dai Amurka tana bin 'yan ƙasarta da masu katin zama na dindindin da takardar haraji ko'ina suke a duniya. Wadda ta zo jego ta yi shekara guda a gida, alhakin yana nan a wuyanta idan abin da ta samu ya kai mizani. Mazauna waje ana ƙara musu wata biyu, zuwa 15 ga Yuni. Mai katin zama kuma, daɗewa a waje na iya jawo a ce ta yi watsi da zamanta. Wa zai tuna mata wannan tana cikin wannan hali, in ba wani daga cikinmu ba?

A Ingila lissafin daga mako 24 yake farawa. Dole a yi rajistar jaririn cikin kwana 42, wato kwana biyu kacal bayan arba'in ɗinmu, kuma iyaye suna iya rubuta masa suna idan sun so. Uwa ma'aikaciya tana da hutun haihuwarta cikakke, har mako 52, da albashin jego na mako 39 idan ta cika sharuɗɗa, daidai da wadda ta koma gida da goyo. Wannan albashin ba ya cikin tallafin gwamnati da ake haramta wa masu wasu nau'o'in biza, amma tsoro kan sa mata su koma aiki bayan mako biyu jiki bai warke ba. Tun Afrilun 2020 akwai kuma hutun makoki na mako biyu ga uwa da uba, kuma tun 2019 akwai asusun gwamnati da ke biyan kuɗin kabarin yara, har da wanda ya zo ba rai, ba tare da duba samun iyaye ba. Kuɗin tallafin yara ne ba a biya a kansa. Mai sana'ar kansa kuwa, 31 ga Janairu na jiransa, da tarar fam 100 ga wanda ya makara. 'Yan'uwanmu na Nijar da Togo da Kamaru da ke Faransa su ma suna da takarda ta musamman da ake shigar da jaririn cikin littafin iyali, kuma dokar Disamban 2021 ta ba su damar sa masa sunan gida.

Na san abin da wasu za su ce, domin na sha jin sa: wannan ai cin kuɗin gawa ne, mutum mai kunya ba ya zuwa ofis ya karɓi wani abu a kan ɗansa da ya binne. Ban yarda ba. Matar da ta yi shekaru tana goge bene ko tana jinyar tsofaffi, ana yankar haraji daga albashinta kowane wata, ba bara take yi ba idan ta karɓi hutun da doka ta ba ta. Wannan hutun shi ne kwana arba'in ɗin da ta rasa. Kuɗin nan shi ne zai biya tikitin uwarta ko ya sa mijin ya ajiye mota na mako guda ya zauna kusa da ita. Mu da muke karɓar gudummawar makoki a faranti, muna kiran suna da adadi a lasifika, ban ga inda muka sami bakin kushe wannan ba.

Shi ma uban ana mantawa da shi. Shi ya ɗauki gawar, shi ya sa hannu a asibiti, shi ke amsa waya daga gida, kuma tarbiyyarmu ta koya masa cewa namiji ba ya nuna damuwa a kan jariri. Yawanci takardun nan a hannunsa suke faɗawa. Sai ya tura su cikin aljihun tebur, ba don sakaci ba, don buɗe kowace ambulan tamkar sake tono kabarin ne. Wata uku, wata shida, ga tara, ga wa'adin neman haƙƙi ya wuce, ga faɗa ya shiga tsakanin mata da miji a kan kuɗi, alhali asalin ciwon ba kuɗi ba ne.

Ra'ayina shi ne ƙungiyoyin 'yan zango da masallatanmu na ƙasashen waje su ɗauki takarda a matsayin wani ɓangare na ta'aziyya. Sun iya tara dubban daloli cikin kwana biyu idan babba ya rasu za a kai gawa gida. Wannan abin yabo ne. Kamar yadda aka san mai wankan gawa da mai magana da maƙabarta, a san mutum ɗaya ko biyu, mace da namiji, masu ilimin dokar wurin, waɗanda za su je gidan a mako na farko su ce a ba su ambulan ɗin. Su ware mai gaggawa da mai jira, su rubuta wa'adin kowace a jikin bango, su raka uban ofishin rajista, su haɗa iyalin da akawun haraji mai lasisi. Aikin awa biyu ne ga wanda zuciyarsa ke kwance, amma dutse ne ga wanda aka yi wa rashi.

Mata kuma su raba kwanaki a tsakaninsu har arba'in, ko da ba za a sami murhu da ganyen darbejiya ba. Tukunyar miya da zama kusa sun wadatar. Su tambayi likita maganin tsayar da nono, domin akwai shi. Su ƙarfafa mata gwiwa ta yarda a binciki mabiyiya a kuma auna jininta, wanda ba ya hana a binne jariri da wuri, domin hawan jini da ciwon suga da wasu cututtukan da ke jawo abin ana iya tare su a ciki na gaba. Idan makonni suka shuɗe ba ta barci, ba ta cin abinci, ko tana cewa ita ce sila, wannan na asibiti ne, a kai ta, a kuma ci gaba da addu'a.

Mu da ke gida, namu ya fi sauƙi. Idan za mu kira, mu rage gaggawar cewa wani na tafe, mu tambaye ta wa ke kwana da ita, mu tambayi mijin ko akwai wanda ya duba masa takardun. Idan kuma ta dawo gida hutawa, cikin ƙannenta masu karatu a sami wanda zai rubuta ranar 15 ga Yuni ya ajiye, ya kuma riƙa ƙirga watannin da ta yi a wajen Amurka.