LAFIYA UWAR JIKI: Ɓarawon da ke shiga ido ba sallama

A ranar 30 ga watan Janairun 2025 ne hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta shaida cewa Nijar ta kawar da makantar nan da ƙudan bakin kogi ke yaɗawa, ta kuma zama ƙasa ta farko a Afirka da ta kai ga wannan matsayi. Babu shakka abin alfahari ne. To amma akwai wata makantar da feshi ba ya korar ta, rabon ƙwayoyi gida-gida kuma ba ya maganinta, tana nan cikin ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Tibiri zuwa Kore Mairuwa, kamar yadda take a sauran ƙasar Hausa. Ita ce cutar da jama'a ke kira hawan jinin ido, likitoci kuma suke ce mata gulokom.

Ko da yake sunan ya ambaci jini, ruwan da ke cikin ƙwayar ido ne ke rasa mafita, sai ya taru ya riƙa danne jijiyar gani, wadda ke kai saƙo daga ido zuwa ƙwaƙwalwa. Wannan jijiya kuwa tamkar igiyar guga take, domin zare sama da miliyan ɗaya ne suka haɗu suka yi ta. Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya mai zurfi ya san zaren igiya ɗai-ɗai yake tsinkewa, guga na ci gaba da fitowa da ruwa, mai ja bai san kome ba sai ranar da ta katse. Haka cutar take. A mafi yawan lokaci ba ciwo, ba ja, ba ƙaiƙayi. Ganin gefe ne ke fara tafiya, na tsakiya ya saura. Sai ka ga ɗan kasuwa yana ƙidaya kuɗinsa daidai, ma'aikaci yana karanta takardunsa ba gardama, amma yana yawan tuntuɓe da turmi a tsakar gida, ko babur ya zo ta gefensa bai gan shi ba. Kafin ya yarda cewa idonsa na da matsala, an riga an yi ɓarna mai yawa.

A nan ne ta bambanta da yanar ido. Mai yana, in aka yi masa aiki, ganinsa na dawowa da yardar Allah. Abin da hawan jinin ido ya ci kuwa ya ciwu ke nan, babu likitan da ke iya maido shi. Iyakar abin da ake yi shi ne a tsare wanda ya rage.

Wani babban bincike da aka yi a makwabciya Najeriya tsakanin 2005 da 2007, a kan mutane masu shekara 40 zuwa sama, ya nuna girman lamarin. Cutar ce ta biyu wajen makantar da mutane, bayan yana. Mutum 5 cikin 100 na ɗauke da ita, cikin masu ɗauke da ita kuma waɗanda suka san da zamanta ba su kai 6 cikin 100 ba, ɗaya cikin biyar kuwa ya riga ya makance. Iyaka ba ta tare cuta, kuma masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ya sauya a wannan zamani shi ne yanzu ana iya ganin ɓarawon tun yana bakin ƙofa. A shekarar 1991 wasu masana a jami'ar MIT ta Amurka, cikinsu har da James Fujimoto da David Huang da Eric Swanson, suka fito da wata dabara da ake kira OCT, na'urarta kuma ta shiga kasuwa a 1996. Aikinta ya yi kama da na hoton eko da ake yi wa mata masu juna biyu, sai dai shi eko da sauti yake aiki, ita kuwa da haske. Mutum zai ɗora haɓarsa ya dubi wani ɗan haske, ba abin da zai taɓa idonsa, cikin ɗan ƙanƙanin lokaci sai ga hoton tantanin bayan ido hawa-hawa, an auna kaurin zaren jijiyar da ma'aunin da ya fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba. In zaren ya fara raguwa, sau da yawa na'urar kan nuna tun mai idon bai lura da kome ba. In kuma aka sake hoton baɗi aka gwada da na bana, sai a san ko magani na aiki. Haka nan tana nuna kumburin da ciwon suga ke jawowa a bayan ido.

Sai dai na'urar na da tsada, tana son wuta tsayayya da ƙwararren mai karanta hotonta, shi ya sa a manyan biranen da ke da likitocin ido ake nemanta. Daga Dogon Dutsi zuwa Yamai kuwa tafiyar sama da kilomita 270 ce. Amma wa ya fi ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati bin wannan hanya? Wanda ke zuwa Yamai sarin kaya ko bin takardun albashi, ko mai zuwa Maraɗi, garuruwan da duka ke da asibitin ido na Makka, ko mai ƙetarawa Kano inda asibitin ido na ECWA yake tun 1943, bai da hujjar cewa nisa ne ya hana shi. Wuni guda ya isa a auna ƙarfin ruwan idonsa, a leƙa jijiyar, a gwada faɗin ganinsa, in likita ya ga dalili ya tura shi inda za a ɗauki hoton. Awon ruwan shi kaɗai bai wadatar ba, domin akwai waɗanda awonsu ke fitowa daidai alhali jijiyar na lalacewa.

Waɗanda ya fi kamata su hanzarta su ne duk wanda ya kai shekara 40, da wanda uwa ko uba ko ɗan'uwansa ya makance ba tare da yana ba, saboda cutar na bin jini, da kuma mai ciwon suga, wanda ake so a duba bayan idonsa sau ɗaya kowace shekara. Sayen tabarau a faifan mai talla ba awon ido ba ne. Ɗiga maganin da aka saya a kasuwa ba da takardar likita ba kuwa ganganci ne, domin wasu masu kotizon a ciki kan ƙara ƙarfin ruwan ido in aka daɗe ana sa su. Wanda aka gano yana da cutar, sai ya riƙe maganin ɗigawarsa kullum har iyakar rai, ko a yi masa aiki da hasken leza ko tiyata. Kada ya bari don ya ga ganinsa bai ƙaru ba, ai dama aikin maganin shi ne ya hana raguwa.

Saura talakan ƙauye da ba ya zuwa Yamai. A yau akwai ƙananan kyamarorin hoton bayan ido da ake riƙewa a hannu, wasu ma a jikin wayar salula ake maƙala su, kuma tun 2018 hukumomin Amurka suka amince da wata manhajar kwamfuta da ke gane illar ciwon suga a irin wannan hoto ba tare da likita ya duba ba. Ma'aikacin jinya da aka horar zai iya ɗaukar hoton a asibitin gunduma, ya aika wa likitan ido a Doso ko Yamai ta waya, a ware masu buƙatar tafiya daga waɗanda za su koma gonakinsu. Wannan buƙata ce da ya dace magadan gari da sarakuna da attajiran Arewa su kai gaban ma'aikatar lafiya da shirin ƙasa na kula da lafiyar ido, su kuma sa hannu a aljihu. Magidanci ɗaya in ya makance, rumfarsa ta kasuwa na rufewa, yaro guda kuma ya bar lakkol ya koma ja-gora.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya tsare mana gani da ji, amin.