A Tura Su Gadarif

Da an ce musayar ɗalibai kan ruwan birane, sai malaman jami'o'inmu su fara lissafin Holan. Haba! Ƙasar da ke fama da yawan ruwa, me za ta koya wa ɗan Bayero game da busasshen famfo? Ni dai na ce a tura su Gadarif ta Sudan, inda Hausawa suka daɗe da zama. An buɗe madatsar Atbara da Setit a 2017, amma amalanken jaki bai daina kai ruwa unguwanni ba, kamar dai 'yan garuwar Kano. Za a ce ai Sudan ana yaƙi tun 2023. To, a gayyato ɗaliban Jami'ar Gadarif, mu kai su Tamburawa.