Mussa mai son a kula ta

Wannan karon zancen mussa za mu yi, wadda wasu ke kira kyanwa ko mage. Kada ku yi dariya. Duk mai buhun hatsi ko gujiya a ɗaki ta san ɓarnar da ɓera ke yi a dare guda, kuma sau da yawa da bashin asusu aka sayi buhun nan.

Sai dai akwai mussar da kamun ɓera bai ishe ta ba, so take a kula ta. Tawa irinsu ce. Ranar zubi, da an shimfiɗa tabarma an buɗe akwati, sai ta zo ta kwanta bisa littafin lissafi, daidai layin da nake karantawa. In an ture ta, ta koma tana goga kai ga ƙafar ma'ajiya. Gogar nan ba iskanci ba ce, warinta take sa miki, ta ɗauke ki tata.

Mu ne ke koya mata nacin. Ta yi kuka an jefa mata kan kifi, gobe ma za ta yi. Tsawa ma a wurinta kulawa ce, duka kuwa tsoro kawai yake sa mata. A tsayar mata da lokacin abinci, safe da marece, ranar taro kuma a ba ta kafin mata su iso. Da almuru yara su ja mata tsumma ɗaure da igiya ta yi ta bi har ta gaji. In ta yi kukan banza, kada a ko dube ta. Kwanakin farko kukan ƙaruwa yake, sai an daure.

Kukan dare mai kama da na jariri shi ya fi damuna, don na ji inda aka ce maita ce, har aka fara nuna wata tsohuwa maƙwabciya da baki. Haba! Macen mussa ce ke neman namiji. In ba ta samu ba, bayan sati 2 ko 3 ta sake. In ta samu, ciki wata 2 ne da ƴan kwanaki. Zargi irin wannan yana iya watsa ƙungiyar da aka yi shekaru ana ginawa.

Amma mussa mai shiru da ta soma kuka kwatsam ta bar abinci, a kai ta wurin likitan dabbobi. Kada a ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. In ta ciji yaro ko ta yakushe shi, a wanke da ruwa da sabulu minti 15 a tafi likita, don mussa ma tana ɗaukar ciwon haukan kare. Mai ciki kuma ta bar wa wani kwasar kashinta.