Hotunan Iyali na Malanville Sun Cancanci a Adana Su

A Malanville, inda gada ta haɗa Benin da garin Gaya na Nijar a kan kogin Kwara, Hausawa da Dendawa da Zabarmawa da Fulani sun daɗe suna cin kasuwa ɗaya. A bangon ɗakuna da dama na garin akwai tsohon hoton iyali da aka ɗauka ranar Sallah ko bayan dawowa daga aikin Hajji. Mai gida na zaune a tsakiya cikin babbar riga, carbi a hannu, uwargida a gefensa, yara sun yi anko a ƙasa. Ba wanda ke dariya, domin natsuwa da kunya da dattako ake son nunawa. Kowane abu a hoton magana yake yi: carbi na nuna riƙon addini, agogo da rediyo na nuna wayewa, wurin zaman kowa na nuna matsayinsa a gida. Shi ya sa nake ganin waɗannan hotuna tarihi ne da bai kamata a bari ya lalace ba.

Wasu za su ce ƙarya ce tsagwaronta, tunda sau da yawa agogon da rediyon na mai ɗaukar hoto ne, kuma zanen aro ba ya rufe katara. To amma hoton iyali tun asali buri yake nunawa. A zanen da Jan van Eyck ya yi wa Arnolfini da matarsa a 1434, masana suna fassara karen da ke gabansu da amana, lemun da ke kusa da taga kuma da arziki. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa na ɗaukar hoto a Bamako a 1948, yakan ara wa masu zuwa rediyo da alƙalami da babur, kuma yau hotunansa ne ke shaida wa duniya abin da mutanen wancan zamani suka ɗauka daraja. Kayan na aro ne, burin na masu hoton ne.

Wasu kuma za su ce wayar hannu ta wadatar. Sai dai hoton waya yakan tafi tare da wayar idan ta ɓace, na takarda kuwa zafi da gara da ambaliyar da ke yawan afka wa Malanville da Karimama suna cinye shi. Ya kamata kowane gida ya kwafi tsofaffin hotunansa, ya rubuta sunayen mutanen ciki da shekarar ɗauka tun dattawan da suka san su suna raye.