SANIN DOKA: Takardar asurans da rumbun maigida

Ranar Alhamis kasuwar Damagaram take ci. Tun da asuba hanyoyi ke cika. Daga Mirya, daga Matamaye, daga Magarya, daga Tanut, motoci na shigowa da hatsi da wake da bisashe, mutane zaune bisa kaya. Tsakaninsu ga ƴan kabu-kabu, ga a-daidaita, ga amalanken shanu. Kafin a shiga gari sai jandarma ya ɗaga hannu. Takardun da yake tambaya kowa ya san su: takardar tuƙi, takardar mota, da asurans, wadda a rediyo ake ce wa inshora. A kan ta ukun nan aka fi yin roƙo. Wani ya ce ya manta ta gida. Wani ya ce jiya-jiya ta ƙare. Wani kuwa tun daga nesa yake sauka daga kwalta, ya ratsa gonaki, ya ɓullo bayan shinge.

Yawancin mutanen nan ba masu taurin kai ba ne. Magidanta ne da kuɗi suka yi wa kaɗan. Shekarun nan sun yi wa talaka nauyi. A watan Mayu 2023 Najeriya ta janye tallafin man fetur, sai man kwalba na ƴan ruwa-ruwa ya yi tsada. Daga Yuli 2023 zuwa Fabrairu 2024 takunkumin CEDEAO ya zo, shinkafa da man girki da magani suka hau. A watan Yuli 2024 gwamnati ta rage kuɗin lita daga tamma 540 zuwa 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya. An ji sauƙi, amma taya da batir da kayan gyara ba su san da ragin ba. Mai moto yana da cefane, yana da kuɗin makaranta, yana da suna da biki. In ya ƙirga abin da ke aljihu, sai ya duba abin da zai iya jira. Mai ba ya jira, don moto ba ta tashi da ruwa. Tuwo ba ya jira. Takarda ce kaɗai ba ta kuka, sai a bar ta.

Kuskuren yana ga fahimta. Mutane da yawa sun ɗauka asurans haraji ne, ko takarda ce da ake saye don jandarma. Ba haka ba ne. Kuɗin ba baitulmali suke shiga ba. Kamfani ne ke karɓa, kamar SNAR Leyma da sauran kamfanonin da hukuma ta yarda da su. Masu motoci dubu-dubu kowa ya zuba nasa. A cikin shekara kaɗan daga cikinsu za su yi hatsari. Daga abin da aka tara ake biyan waɗanda aka ji wa ciwo, da iyalan waɗanda suka rasu, da masu dukiyar da aka ɓata. Mutanen ƙasar nan sun san irin wannan tun kafin mota ta zo. In gobara ta ci rumbun mutum, maƙwabta kan kawo masa dami-dami. Malamai kuma sun karantar cewa diyyar kisan kuskure dangi ke haɗa ta, ba a barin mutum ɗaya da ita. Bambancin shi ne a nan ana zubawa kafin abin ya faru.

Dokar ba ta Nijar kaɗai ba ce. Ranar 10 ga Yuli 1992, a Yawunde ta ƙasar Kamaru, aka sa hannu kan yarjejeniyar CIMA. Yau ƙasashe 14 ke cikinta, har da Nijar da Cadi da Mali da Benin. Littafin dokarta ya fara aiki a 1995. Aya ta 200 ta ce duk abin hawa mai inji da ke tafiya a ƙasa dole ya sami asurans. Moto tana ciki. A-daidaita tana ciki. Amalanke da keke ba su ciki, don ba su da inji.

Sai dai a lura da abu guda, don a nan ake yawan jin haushi. Asurans ta dole ba ta gyara moton mai ita. In mutum ya faɗa rami shi kaɗai, fitila ta fashe, gwiwa ta goge, ba a ba shi ko tamma. Shi ya sa wasu ke cewa shekara biyar suna biya ba su taɓa cin ko sisi ba. Gaskiya ne, kuma abin godiya ne. Takardar tana biyan ɓarnar da aka yi wa wani: mai tafiya a ƙasa, fasinja, mai wata motar, mai saniyar da aka buge.

Ga misali, irin wanda ƙauyuka da yawa sun gani. Manomi ya tafi cin rani, ya dawo da ƴan kuɗi, ya sayi moto. Ya ba ɗansa ya riƙa kabu-kabu zuwa kasuwar Mirya ranar Lahadi. Abin da yaron ke kawowa shi ke sayen gishiri da maggi da sabulu. Ba a yanki asurans ba, an ce sai kaka. Wata Lahadi da yamma, ƙura ta tashi, yaron bai ga wata mai tallan nono ba. Ya buge ta, ƙashin cinya ya karye. Aka ɗauke ta zuwa babban asibitin Damagaram. Ga kuɗin motar da ta kai ta. Ga hoton ƙashi, ga aiki, ga takardar magani yau, ga wata gobe. Ga abincin masu jinya. Moton kuma tana hannun hukuma, ba ta kawo komai.

Wa zai biya? Manomin nan zai biya. Da farko akuyoyin uwargida ke tafiya. Bayansu sai sa na huɗa. In jinya ta yi tsawo a buɗe rumbu a watan da hatsi ba shi da daraja, a auna tiya-tiya a sayar. Bazara ta yi, gidan da ya noma abincin shekara ya koma awo a kasuwa da tsada. Wani har gona yake jinginarwa. Kuɗin da aka ƙi biya don ya yi yawa bai kai kuɗin akuya biyu daga cikin waɗanda aka sayar ba.

Ita ma matar ba ta tsira ba. Dattawa za su zauna gindin itace. Za a ce ƙaddara ce, yaron ba da gangan ya yi ba. Mijinta zai ji nauyin mutane, ya ce ya yafe. Yafiya abu ne mai kyau, kuma ita ke riƙe zumunci tsakanin manomi da makiyayi. Amma yafiya ba ta ɗaukar ƙwarya zuwa kasuwa. Matar da ke ciyar da ƴaƴa da kuɗin nono ta koma ɗingishi, ba mai tambayar abin da za ta ci baɗi. Da akwai asurans, da an yafe wa yaron, an kuma biya matar. Ba sai an zaɓi ɗaya ba.

Doka ta tsaya wa wanda aka buge fiye da yadda mutane suka sani. Mai tafiya a ƙasa ko fasinja, in ya ji ciwo, ana biyansa ko da shi ya yi sakaci wajen ƙetare hanya, sai fa in da gangan ya jefa kansa. Ana mayar masa da kuɗin magani, in ya nuna takardun. Ana biyan kwanakin da ya yi bai yi aiki ba. In naƙasa ta zauna, likita ya auna ta, a biya gwargwadonta. In rasuwa ce, akwai kuɗin jana'iza, akwai rabon mata da ƴaƴa. Manomi zai ce shi ba shi da albashi, da me za a ƙirga nasa? Doka ta yi tunaninsa. Wanda ba shi da takardar albashi ana yi masa lissafi da mafi ƙanƙantar albashin ƙasa. Tun Janairu 2024 albashin nan jaka 42 ne a wata. Kafin nan jaka 30 ne da tamma 47.

Amma kamfani ba ya biya da baki. Sai an kira jandarma ko ƴan sanda sun zo sun auna wurin, sun rubuta, abin da direbobi ke ce wa konsta. Wanda ya bari aka janye mota aka share wuri don a rufa asiri, ya zubar da haƙƙinsa da hannunsa. Kowace takardar likita da ta kantin magani a adana ta cikin leda, kamar yadda ake adana takardar gona. Mai mota kuma ya sanar da kamfaninsa cikin kwana 5 na aiki, kada ya jira kwanakin su wuce. Wanda aka ji wa ciwo yana da shekara 5 daga ranar hatsari don neman haƙƙinsa. Biya yakan yi jinkiri, wannan ba ƙarya ba ne. Akwai zirga-zirga, akwai je-ka-ka-dawo, kuma mutumin ƙauye yakan gaji. A nan ne karatu ke da rana. Wanda ya iya karanta lambar mota da sunan kamfani a jikin takarda, ya rubuta su tun a wurin, ya rage wa kansa rabin wahala.

Makiyayi na da tasa magana. In mota ta kashe masa saniya, asurans na biyan dukiya. Sai dai dukiya ba kamar jiki ba ce. In an ga laifinsa, kamar ya bar garke bisa kwalta da dare ba mai tsaro, ana iya rage abin da za a ba shi, ko a hana shi duka. Masu ƙetare hanyar Tanut da ta Gure da bisashe su riƙe wannan.

Akwai kuma masu takarda a aljihu, amma takardar ba ta tsare su. Na farko shi ne wanda ya sayi moto ko mota ta hannu. Mai sayarwa ya miƙa masa takardu, ya ce asurans na da sauran wata shida. Ba ta da su. Doka ta ce daga kwana na biyar bayan ciniki asurans ɗin tsohon mai ita ta tsaya. Sabon mai ita sai ya je ya yanki tasa. Na biyu shi ne wanda ya ce wa kamfani motar gida ce, don kuɗin ya yi sauƙi, alhali haya yake yi da ita. Kuɗin asurans ya danganta ga ƙarfin inji da irin aikin da abin hawa ke yi. In an gano ƙarya ranar hatsari, kamfani na iya rage biya ko ya soke yarjejeniyar. Haka wanda ya ba yaro marar takardar tuƙi, ko ya loda mutane bisa buhuna har sama. Kamfani zai biya waɗanda suka ji ciwo, don doka ba ta yarda a bar su ba. Bayan nan sai ya juyo kan mai motar ya nemi kuɗinsa. Rumbun da aka so tsarewa an dawo kansa.

Sai takardar bakin tasha, wadda wani ke cikawa bisa gwiwa da rabin kuɗi. Tana iya wuce shinge sau goma. Ranar da jini ya zuba za a je kamfani a tarar ba a san lambarta ba. A yanka a ofishin kamfani ko wurin wakilinsa sananne, a karɓi rasit mai hatimi.

Saura maganar kuɗin, don ita ce tushen abin. Tun shekarar 2011 aka gyara doka: ba a ba da asurans bashi. Sai an biya take fara aiki. Wanda ya ce a rubuta masa zai kawo kuɗi ran kasuwa, to har ran kasuwar ba shi da komai. Ana iya yankan ta wata ɗaya, ko uku, ko shida. Wannan na taimakon wanda hannunsa bai cika ba. Amma guntu-guntu ya fi tsada in an haɗa shekara, kuma mantuwa ta fi shiga. Ga manomi, lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, sa'ad da aka sayar da wake da gyaɗa da riɗi. In ya yanki ta shekara a lokacin, za ta ƙare a wata kakar, sa'ad da kuɗi suka sake shigowa. Wanda ya fara yanka a bazara, kowace shekara a bazara za ta riƙa ƙare masa, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ana neman iri da kuɗin ƴan ƙwadago. Makiyayi kuma ya san nasa lokacin, gab da babbar salla, da raguna ke tsada.

Ɗan kabu-kabu da direban haya ba su da kaka, kullum suke samu kaɗan-kaɗan. Su nasu asusu ne. Shekara mako 52 ce. Dala ɗari kowane mako, kuɗin lita ɗaya ke nan, ta zama jaka 26 a shekara. Dala ɗari biyu ta zama jaka 52. Mutum ya je ya tambayi kuɗin asurans ɗin abin hawansa, ya raba shi gida 52, ya san abin da zai riƙa cirewa. Matan gida sun daɗe suna aurar da ƴaƴa da adashi, ba su jira kuɗi su zo a dunƙule ba. Ƴan tasha ɗaya ma suna iya yin nasu: mutum 12 su haɗu, kowane wata a kwashe a ba wanda takardarsa ta kusa ƙarewa, sarkin tasha ya raka shi ofis, a dawo a nuna wa sauran rasit.

A jikin kowace takardar asurans akwai kwanan wata biyu. Na farko ranar da ta fara, na biyu ranar da za ta ƙare. Da Faransanci aka rubuta takardar, amma lambobin iri ɗaya ne da waɗanda ake koyo a ajin yaƙi da jahilci: rana, sannan wata, sannan shekara. In an ga 15/11, ranar 15 ga Nuwamba ke nan. Mai moton da bai fara karatu ba ya kai wa malamin aji ko ɗansa ɗan makaranta su karanta masa na biyun, ya sa a rubuta shi da gawayi a bangon zaure.